Fasfo a Durowar Magatakarda

"Ki ce min wasa kike yi."

Likita ta ƙara matse wayar a kunne, ta juya wa jama'ar da ke barandar kotu baya. Ba wasa take yi ba. Alƙalin da ya karanta sharuɗɗan belin mahaifinta ɗazu ma bai yi kama da mai wasa ba, ya fi kama da mai jin yunwa.

"Dogo, ka saurare ni mana..."

"Ina saurare. Shekara biyu ke nan ba ni da sana'ar da ta wuce saurare."

Gaskiya ya faɗa. Wata huɗu da aurensu ya tafi koyarwa ƙasar waje, ya bar ta tana bin layin biza. Sau biyu ana hana ta. Sai makon jiya aka buga mata, ta rungume fasfon kamar jariri. Jirginta ranar Asabar zai tashi. Yau kuma Laraba.

"Ban ce zan yi ba," in ji ta. "Na dai faɗa maka abin da alƙali ya ce."

"Ruhina, na san muryarki. In kika ce 'na dai faɗa maka', to kin riga kin ɗauki biro."

Ta kashe wayar don kada ya ji sauran muryar.

Baba tsohon darakta ne. Ana tuhumarsa da cewa kuɗin gina asibitocin karkara sun bi iska a hannunsa. Asibitocin suna nan daram a takarda, har da launin fentinsu. Kwana arba'in ke nan yana tsare, da hawan jininsa da ciwon sukarinsa. Yau kotu ta ji tausayi ta ba da beli, irin tausayin da ke zuwa da igiya a aljihu: dole ma'aikacin gwamnati mai mataki na goma sha huɗu zuwa sama ya tsaya masa, ya kuma ajiye fasfonsa a kotu har ranar da aka gama shari'a.

Abokan Baba, waɗanda a da sai an ƙaro kujeru in sun zo gaisuwa, duk sun kamu da cuta ɗaya a rana ɗaya: wayarsu ba ta shiga. Yayanta ɗan kwangila ne, ba shi da mataki ko na tsani. Da aka tankaɗe dangi kaf aka rairaye, mutum ɗaya ta rage a cikin rariya, ita ce likitar asibitin gwamnati da aka ƙara wa girma bara.

Mama na zaune kan benci, ta riƙe ledar magungunan Baba da hannu biyu.

"Me mijin naki ya ce?"

"Yana gaishe ki."

"Ina amsawa." Mama ta dubi ƙasa. "Ni ban ce ki yi ba, kin ji ko? Aure ba abin wasa ba ne. Kawai dai... jiya da na kai masa abinci, takalminsa bai shiga ƙafarsa ba. Kumburi. Ke ce likita, ke kika san ma'anar wannan. Ni ban sani ba."

Mama ta sani sarai. Shekara talatin da biyar tana cewa ba ta ce a yi ba, ana kuma yi.

Lauya ya iso yana share gumi da gefen rigarsa.

"Hajiya Likita, abu ne mai sauƙi. Sa hannu wuri uku, hoto biyu, shi ke nan."

"Shari'ar za ta kai yaushe?"

"To... in Allah ya so, ba za ta daɗe ba."

"A wata nake tambaya, ko a shekara?"

Lauya ya tuna yana da kira mai muhimmanci.

Aka ba ta minti biyar da Baba a ɗakin ajiye waɗanda ake tuhuma, can ƙasan bene. Ɗakin na da benci ɗaya da taga wadda ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta wuce. Ta shiga da shirinta. Tun a matakala ta tsara komai: zai roƙe ta, zai tuna mata wanda ya kai ta makarantar likitanci, ita kuma za ta tambaye shi abin da ta kwana arba'in tana haɗiyewa, wato da kuɗin wa aka kai ta. Daga nan za ta fita da fushinta, fushin ya raka ta har cikin jirgi.

Baba ya ɗago. An ɗaure ƙafar tabaransa da zare.

"Uwata."

"Baba, ina wuni. Ya jikin?"

"Jiki ya gode. Zauna." Ya matsa mata, ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin benci don kada ta gani. Ta gani. "Lauya ya faɗa min sharaɗin. Kada ki sa hannu."

"Baba..."

"Na ce kada ki sa. Yaron nan ya yi haƙuri, ba kowane namiji zai yi ba. Ki tafi ɗakinki. Ni na saba da nan, har sun naɗa ni limami." Ya yi 'yar dariya, tari ya karɓe ta. "Abin da na shuka, ba ke za ki girba ba."

Shi ke nan ya gama da ita. Da ya roƙa, da ta tsira. Duk tsawon aikinsa bai taɓa mayar da abin da aka miƙo masa ba, sai yau, sai a kanta. Ta nemi fushin nan da ta sauko matakala da shi, ta rasa inda ta ajiye.

Ta durƙusa, ta danna yatsa a ƙafarsa. Ramin da yatsan ya yi bai cike ba har ta miƙe.

Ofishin magatakarda na hawa na biyu. Tsoho ne mai fara'a, irin waɗanda suka ga komai suka daina mamaki. Ya nuna mata wuri uku, ta sa hannu. Ya karɓi fasfon, ya buɗe, ya tsaya kan shafin bizar.

"Kai, sabuwa fil. Ko tawadar ba ta gama bushewa ba."

"Baba magatakarda, don Allah ka faɗa min gaskiya. Yaushe ake dawo wa mutum da shi?"

Ya jawo durowa. Cike take maƙil da fasfo-fasfo, an jera su kamar kaburbura. Ya zaro ɗaya daga can ƙasa, ya nuna mata hoton wani mutum mai baƙin gashi da ƙuruciya a fuska.

"Wannan bawan Allah ya zo tambaya makon jiya. Wallahi 'yata, sai da na nemi katin shaidarsa. Furfura har gira."

Ya ɗauko fasfon Baba, wanda kotu ta riƙe tun farko, ya haɗa da nata, ya ɗaure su da roba ɗaya.

"Don kada su rabu," in ji shi. Ya tura durowar da gwiwa.

A filin ajiye motoci Mama na taimaka wa Baba shiga kujerar baya, takalmansa a hannunta. Likita ta tsaya jikin bango ta kira. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kin sa."

"Na sa."

Tana jin ƙarar motocin wata ƙasa a bayansa.

"Ka yi min faɗa mana, Dogo... Ka ce wani abu."

"Me zan ce? Da kin bar shi a can, da na yi ta kallonki ina tunanin wace ce na aura." Ya ja numfashi. "Na saka labulayen jiya, ruhina. Kalar da kika zaɓa. Sun ɗan yi gajere, na ce in kin zo kya yi min dariya."

Hawayen da ta hana Mama da Baba da magatakarda gani suka zubo.

"Ka bar su a rataye. Zan zo..."

"Yaushe?"

Ta buɗe baki. Amsar Lauya ce kaɗai a ciki, ta ƙi furta ta.

"Zan mayar wa mai gidan da mabuɗinsa," ya ce a hankali. "Gidan ya yi wa mutum ɗaya yawa. Labulayen zan ninke su. Ba sa lalacewa."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta shiga mota, ta tayar. Ta madubi ta ga Baba yana kallon jakarta, wadda ta bari a buɗe, aljihun fasfon ba komai. Bai ce ta kyauta ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya cire tabaran ya rufe ido da tafin hannu.

"Alhamdulillahi," in ji Mama. "An sake shi."

Mai gadi ya ɗaga musu ƙarfen ƙofa, suka fita.