Sunayen da Tabawa Ta Goge

A wani gari an yi wata mata, Tabawa, mai kula da sunayen manoma a kwamfuta. Ranar rabon iri, yatsanta ya zame, sunaye arba'in suka ɓace. Ta duba nan, ta duba can, ba wanda ya ga abin da ta yi. Duk da haka ta tashi ta sami Malam Gambo, masanin na'urar.

"Malam, ni na goge su."

Ya ce, "Rubuta umarni, kowace kalma ta kama bayan 'yar'uwarta: nemo manoma, haɗa da waɗanda aka goge, mayar da su."

Ta rubuta. Sai ga sunaye suna fitowa ɗaya bayan ɗaya!

Tabawa ta riƙe baki. "Ikon Allah! Ashe suna nan?"

"Lulluɓe su aka yi, jira suke a tambaya."

Suna na ƙarshe na wata tsohuwa ne da ke tsaye bakin ƙofa, riƙe da buhunta tana jiran iri.