Waken Sadakar Uku

Ranar Litinin bayan la'asar Alhaji Gambo mai hatsi ya shigo caji ofis yana tura wata mace a gabansa.

"Ga ta nan. Ita ta kashe mani ƙane."

Sufeto Jelani ya ajiye biro. Sunan matar Kaltume, mijinta Mustapha tela na Ƙofar Marke. Da safe ya karya da ƙosai da kunu, ya kama amai, kumfa ta cika masa baki, ya rasu kafin likita ya gama duba shi. Da azahar aka binne shi. Babu gawa, babu gwaji. Kwanon ma an wanke.

DPO bai ja magana ba. "Laraba ƙarfe sha biyu ka kai ta kotu. Kisan kai."

Ɗakin tambayoyi ba shi da taga, fanka kuma ba wuta. Kaltume ta zauna a ƙasa ta jingina da bango.

"Wa ya soya ƙosan?"

"Ni."

"Kin ci?"

"Azumi nikai, ranka shi daɗe. Na Litinin."

"Ranar da miji ya ci guba, ke kuma kina azumi."

"Shekara shida ina yin shi. Ka tambayi unguwa."

"Waken fa?"

"Shi ya zo da shi ran Asabar cikin leda. Ya ce daga wurin Yaya."

Jelani ya fito ya sami Yayan a benci yana jan carbi.

"Ƙarya takai," in ji Alhaji Gambo. "Rabon Mustapha da shagona tun kafin Salla."

Maganar mutum biyu ce kawai, ɗaya da babbar riga, ɗaya a sel. Jelani ya san wadda kotu za ta fi saurara.

Talata ya je asibiti neman takardar likita. Mai kula da ɗakin gawa ya nuna masa waya.

"Mun bar littafi, Sufeto. Nan muke shigarwa, ya tafi ofishin Sama Road. Can za ka."

Ofishin ɗaki ɗaya ne da kwamfuta biyu. Mai kula da shi, Saratu Irmiya, ma'aikaciyar lafiya ce, ba ta ko tashi ba da ta ga kaki.

"Yau kuma 'yan sanda sun tuna da mu? Asibitoci duk suna turo mana bayanan mamata. Ku ne kaɗai kuke kulle naku a durowa."

"Madam, mace ce a sel. Awa ashirin da huɗu suka rage mata."

Ta daina wasa. Ta rubuta sunan Mustapha, ta karanta: amai, zufa, kumfa a baki, ƙwayar ido ta ƙanƙance. Ta danna wani wuri. Layi biyu suka ƙaru a ƙasa.

"Ga irin shi guda biyu cikin kwana goma. Wata mata a Wamakko, da wani dattijo maƙwabcinta. Rana ɗaya suka mutu, amma asibiti daban-daban aka kai su. Da littafi ne, kowa yana nasa kabad, har abada ba za su haɗu ba. Na rubuta wa ofishinku tun Alhamis."

Jelani bai taɓa ganin takardar ba. Ya san tiren da take kwance a ciki.

"Me ya haɗa su?"

"Abin da ya hana ni barci ke nan. Duba adireshin matar. Ya fito sau biyu. Surukinta ya rasu a gidan, ciwon tsufa, babu wani abu. Ita kuma ta bi shi ranar kwana na uku."

Jelani ya sake karanta layin.

"Sadakar uku," ya ce.

A Wamakko ya sami mijin matar, Malam Junaid, zaune a zaure shi kaɗai.

"Ƙosai munka yi na sadakar Baba. Ita ta soya, tana soyawa tana ɗanɗanawa. Mutum tara sunka yi amai. Munka ce ko mai ne ya lalace."

"Ina kuka sayi waken?"

"Ba mu saya ba. Wani bawan Allah ya kawo gudummawa, tiya biyar. Baba ya daɗe shina kai mai gero."

"Sunansa?"

"Alhaji Gambo. Allah shi saka mai."

Jelani bai ce amin ba.

Wannan ya nuna waken na Gambo ne. Bai nuna ya san da guba a ciki ba. Idan bai sani ba, ƙaddara ce, kuma DPO zai ce matar Wamakko daban, Kaltume daban.

Jelani ya bi ta kasuwar hatsi. Shagon Alhaji a rufe saboda rasuwa. Maƙwabcinsa na layi, wani mai suna Hamza, yana ɗinke bakin buhu.

"Alhaji? Jiya da marece ya leƙo, wurina ma ya auni wake tiya goma na sadakar ƙanensa." Ya yi dariya. "Ni ce mai, Alhaji, rumbunka ya ƙone ne? Buhu ɗari gare shi a sito, wallahi."

Laraba ƙarfe takwas na safe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Mustapha. An yi addu'a, ana rabon ƙosai. Jelani ya jira aka shafa, sannan ya zauna kusa da Alhaji Gambo, ya yi masa gaisuwa.

"Ƙosan nan ya yi daɗi, Alhaji. Wakenka ne?"

"Nawa ne mana. Wa za ya yi in ban yi ba?"

"Hamza ya ce nasa ne."

Carbin ya tsaya.

"Shekara nawa kana sayar da wake?"

"Talatin."

"Ka taɓa jin mai hatsi ya auno na wani ya yi sadakar ɗan'uwansa, nasa na sito?"

Jelani ya ƙara matsowa kusa da shi.

"Na je Wamakko. Malam Junaid yana gaishe ka. Har addu'a ya yi maka."

Mutanen da ke kusa sun daina tauna. Alhaji ya dubi hagu, ya dubi dama. Bango ne a bayansa, jama'a a gabansa.

"Buhu guda ne," ya ce a hankali. "Ƙwari sunka shiga shi, ni zuba mai maganin ƙwari, fiya-fiya. Hannuna ya zarce. Masu saye sunka ce shina wari. Ni ce in anka wanke, ya fita. Zubarwa asara ta, gara sadaka."

"Mustapha fa?"

"Ban ba shi ba! Ya zo ba ni nan, ya ɗiba da hannunsa, kamar yadda ya saba tun shina yaro." Muryarsa ta karye. "Da ni ga kumfar, na gane. In ban nuna wani ba, ni za a nuna."

"Sai ka nuna ta."

Alhaji ya miƙa hannuwansa da kansa.

Kafin motar 'yan sanda ta tashi Jelani ya kira Saratu ya karanta mata lambar siton. Ta ce za ta sanar da asibitoci, za ta turo masu kwashe buhun.

"Rahotonka fa, Sufeto?"

"Yau zai shigo."

Sha ɗaya da kwata aka buɗe sel. Kaltume ta fito tana kare ido daga rana. A bakin kantar caji ofis suka yi kiciɓis da Alhaji ana cire masa hula da agogo. Ta rusuna kaɗan, don jiki ya saba, sannan ta tuna, ta miƙe.

"An sallame ki," in ji Jelani. "Ina za a kai ki?"

"Ɗaki," ta ce. "Takaba. Wata huɗu da kwana goma."