Mai Jegon Cikin Memori

Ku matso kusa. Nasiba, daina wannan dariyar taki ta taubasai, yau ba tsokana zan yi ba. Wannan ba labarin da ake ɗaga murya a kansa ba ne.

Kun san 'yar kwamfutar nan tawa, wadda ba ta fi gwangwanin kifi biyu ba. Ni na fara kawo irinta Tudun Baure. Ranar da na zaro ta daga aljihu, mutane suka ce rediyo ce, na bar su a haka mako guda. Da rana tana rumfata a bakin kasuwa, ina tura wa mutane finafinai da waƙoƙi da karatu a waya, ina buga katin biki da takardar neman aiki. Da yamma in jefa ta a aljihu, in je gida in haɗa ta da talabijin. Matata Saude tela ce, a ciki take ajiye hotunan ɗinki, mata su zo su zaɓa a babban allo. Bayan isha kuma mu kalli fim, ina gaya mata wanda zai mutu tun kafin ya mutu, tana cewa Allah ya shirye ni.

Akwai wata ɗabi'a ta masu sana'armu da ba ma faɗa wa kowa. Duk memorin da aka miƙo mana, kafin mu zuba abin da aka ce, sai mun kwashe abin da ke ciki. Mai shi yana tsaye a kanka, bai sani ba. Wasu don su sami sabbin waƙoƙi suke yi. Ni don tsokana. Na taɓa samun bidiyon Sabi'u mahauci yana tiƙar rawa a bikin ƙanwarsa, na ɗora masa kukan jaki, garin nan ya yi wata guda yana dariya. Daga baya ma na saita kwamfutar yadda da an soka memori ita da kanta za ta kwashe, ba sai na taɓa komai ba. Duk yankin nan babu wanda ya iya wannan sai ni.

Wata Juma'a kowa ya tafi masallaci. Ni na tsaya, wai sai na ƙarasa wani kati. Rana ta take tsaka. Kasuwa tsit, ko akuya ba ta motsi.

Sai ga wata dattijuwa ta ɓullo ta hanyar tsohon siton gyaɗa, hanyar da aka daina bi tun da rufinsa ya rufta. Baƙin saƙi ne a jikinta, irin wanda kakanninmu suka daina ɗaurawa. Ta tsaya a bakin rumfa ta yi sallama.

Na amsa, sannan na lura da abu ɗaya. Bakinta ya riga muryarta. Kun san fim ɗin da aka yi wa fassara ba daidai ba, leɓe ya gama motsi sannan magana ta iso. To haka. Sai da ta rufe baki na ji sallamar. Na ce a raina yunwa ce da zafin rana.

Ta kwance bakin zane ta ciro memori. Da ya taɓa tafin hannuna, sanyi ƙarara, da danshi, kamar daga gindin randa aka ɗauko shi. Ta ce 'yarta ce ta haihu can wajen mutanensu, ita ba ta samu zuwa ba, aka aiko mata da wannan, ba ta kuma da abin kallo. Sau ɗaya take so ta gani.

"Amma ka juya baya, ɗana. Mai jego ce. Ba a ganinta."

Na soka, na juya baya. Na ji ƙarar ruwa yana tafasa. Na ji kukan jariri, siriri, kamar daga ƙasan rijiya. Na ji tsohuwar tana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Da ta gama, na zare na miƙa mata. Ta tambaye ni ko na gani, na rantse ban gani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta tambaye ni ko na riƙe wani abu. Na ce Inna, me zan riƙe. Ta sa mini albarka ta koma ta inda ta fito.

Da daddare bayan mun ci tuwo na ce wa Saude yau na zo mata da sabon abu. Na kunna.

Ɗaki ne marar ƙofa. Bangon a jiƙe, hasken kore-kore. Wata matashiya na zaune gefen ƙatuwar tukunya mai tururi, jariri a cinyarta, kanta a sunkuye. Mun daɗe ba abin da ya motsa sai tururin. Can ta ɗago kai. Ba abin ɗaukar hoton ta kalla ba. Ni ta kalla. Sannan ta juya a hankali zuwa kusurwar da Saude ke zaune, ta ja zane ta rufe ƙirjinta.

Saude ta miƙe ta zare wutar talabijin da hannunta. Ta ce in goge abin nan yanzu, haƙƙin wata ne. Na ce an gama. Ban goge ba.

Washegari na fara zuba shi a wayoyin mutane, na sa masa suna kamar sabon barkwanci. Na zaɓi masu cika bakin ba sa tsoro. Mutum goma sha biyu. Tanimu mai shayi ya saki wayarsa a cikin tukunyar ruwan zafi, na yi dariya har da riƙe ciki. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba, kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce ta rufe fuska. Wancan ya ce ta ba shi baya. Wani ya ce kuka take yi, jaririn ma ba ya motsi.

Ranar Talata da tsakar rana tsohuwar ta dawo. Kasuwa a cike, amma ba wanda ya waiwayo rumfata. Ba ta yi sallama ba. Ta ce 'yarta ba ta barci, nononta ya ƙafe, matan da ke mata wanka duk sun gudu saboda idanun mutane da suka cika ɗakin. Ta ce na ɗauki abin da ba nawa ba.

Ku ji bakina. Maimakon in durƙusa, sai na gyara zama na fara yi mata darasi. Na ce Inna, ba ki gane harkar ba. Ban ɗauki komai ba, naki yana nan a memorinki yadda yake, ko ƙwaya bai ragu ba. Wannan kwafi ake ce masa. Abu ɗaya ya zama biyu, mai shi bai yi asara ba.

Ta saurare ni har na gama. Leɓenta ya motsa, ta juya ta tafi. Ta kai bakin hanyar sito kafin muryar ta iso kunnena.

"To. Ni ma ba zan ɗauki komai ba. Taka tana nan inda take. Kwafi zan yi."

Washegari da hantsi Saude tana kan keken ɗinki sai ƙafarta ta tsaya. Idonta a buɗe, ba ta ganina. Gumi ya jiƙe ta sharkaf. Na girgiza ta, na kira ta, shiru. Sai da ta yi kusan awa biyu ta dawo, tana haki. Warin dafaffen ganyen darbejiya ke tashi daga jikinta, da hayaƙin itace, alhali mu da gawayi muke girki. Da la'asar ta sake tafiya. Da ta dawo, hannayenta sun yi jajur har gwiwar hannu.

Haka kullum, safe da yamma, lokacin wankan jego. Ta ce ita dai tana ganin tukunya, tana ɗebo ruwa daga wuri mai nisa, tana dama kunun kanwa, ba mai yi mata magana. Tana nan gida, tana kuma can. Jiki ɗaya ke biyan aikin wuri biyu. Cikin mako guda zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Fatar hannunta ta kumbura ta fashe. Ranar da na ga leɓenta ya motsa kafin muryarta ta fito, na fita bayan ɗaki na zauna a ƙasa.

Na kai ta asibiti, aka ƙara mata ruwa, aka ce ba a ga komai ba. Na ɗauko Malam Haladu, ya yi karatu a kanta, tana bin sa aya da aya. Ya ja ni zaure ya ce ba abin da ya shige ta, fita aka yi da ita. Ya ce in na san abin da na ɗauko, in mayar.

Na goge nawa. Na shiga bin mutum goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yarda da ni, kowa ya ce wata sabuwar tsokanar ce ni Ɗan'azumi na ƙirƙiro. Sabi'u mahauci sai da ya sa na durƙusa a gaban teburinsa, cikin jini da ƙudaje, mutane na kallo, kafin ya miƙo wayar. Na durƙusa. Na goge goma sha ɗaya.

Na sha biyun Ɗanliti ne, direban motar shanu, ya yi Kudu. Kwana tara na jira shi a tasha. Da ya sauko na karɓi wayarsa na goge, na ce alhamdulillahi. Ya dube ni ya ce wai wannan matar ta gefen tukunya? Ai tun ranar ya tura ta guruf ɗinsu na direbobi, mutum ɗari uku da wani abu. Ya ce har a Ikko ya ga wani yana kallo.

Da na koma gida Saude ba ta iya tashi zaune. An naɗe mata hannaye da tsumma. Ta yi mini alama in sunkuyo.

"Maigida, ruwan ba shi ne ke kashe ni ba. Itacen ne. Ni ke sarowa, ni ke ɗaukowa."

Ranar Juma'a, da aka tafi masallaci, na bi hanyar sito ni kaɗai. Ba tsuntsu, ba ƙadangare. Ina jin takuna a baya, kamar ƙafata ta riga ƙararta. Tun kafin in isa ƙamshin kunun kanwa ya tare ni. Tana zaune a kan tsohon sikelin awon gyaɗa, kamar ta san zan zo.

Wannan karon na durƙusa. Na faɗa mata gaskiya, abin ya fi ƙarfina, ya shiga duniya, ba mai iya dawo da shi. Ta ce ta sani. Ta ce yanzu 'yarta bango take fuskanta dare da rana, idanun ba sa ƙirguwa. Na ce ta saki Saude, ita ce ma ta ce in goge, ni ne mai laifi, ta ɗauke ni.

Ta ce namiji ba ya yi wa mai jego wanka.

Rana na dukan ƙeyata. Can ta ce 'yan uwanta biyu cikin matan da suka gudu za su iya komawa kan tukunya, in dai akwai mai kawo itace, don wuta ba ta mutuwa sai an yi arba'in. Na ce na yarda tun kafin muryarta ta gama isowa. A raina har na ji daɗi. Kwana arba'in, an ma ci wasu. Na ce Ɗan'azumi, ko aljani ka yi ciniki da shi sai ka ci riba. Ta ce in miƙo hannu. Ta ɗora mini memorin nan mai sanyi a tafin hannu, ta ɗauke.

Na tarar da Saude tana barci, barcin gaske, har da munshari. Ta warke a hankali. Yatsunta biyu na dama ba sa lanƙwashewa har yau, shi ya sa ta sayar da keken. Ba ta tafi gidansu ba. Amma in na kunna talabijin, tashi take ta fita tsakar gida.

Ni kuma tun daga ranar, kullum daga hantsi zuwa azahar ina zaune a rumfa, ido buɗe, kafaɗuna suna aiki. Masu kawo waya sun saba, sun ce Injiniya ya tafi tunani. Nasiba, kawo fitilar nan. Ku duba tafin hannuna. Ban taɓa riƙe gatari ba a garin nan. Wannan kantar ta daɗe, wannan fashewar ta yau ce. Wannan baƙin sartsen kuma na nuna wa masu sassaƙa uku, ba wanda ya san itacen. Ranar da masu kallo suka yi yawa, tukunyar ta fi cin wuta, a jikina nake ganewa.

Shekara huɗu ke nan.

Watan jiya na hango ta tana wucewa ta bakin hanyar sito. Na bar rumfa a buɗe na bi ta da gudu. Na ce Inna, don Allah, yaushe za a yi arba'in ɗin nan? Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, kamar ma tausayi. Leɓenta ya motsa, ta shige bayan bango. Na tsaya a rana ina jira har muryar ta iso.

"Haƙuri za ka yi, ɗana. Jibi ne ma suna."

Ku tashi haka nan. Kada wanda ya bi hanyar tsohon sito shi kaɗai da tsakar rana, ko an aike shi. In kuma wani ya turo muku wata mata zaune gefen tukunya tana fuskantar bango, kada ku buɗe. Ku goge, ku yi mata addu'a, ni ma ku sa ni a ciki.