Kalar Kunun Gyaɗa

Ranar da Nu'uman ya shigo shagon fentin Alhaji Sammani a Ƙofar Guga, Fadila ce ke tsare wa mahaifinta shagon. Tun bai gama gaisuwa ba ta ji ya kwanta mata a rai.

"Fentin ɗaki nike so, amma ban da fari."

Nan take ta ɗauka aure zai yi. Saurayi ba ya fentin gida haka kawai.

"Amaryar ba ta faɗi kalar da take so ba?"

Kunya ta hana shi cewa shi kaɗai yake rayuwa a gidansu na Kambarawa tun rasuwar mahaifiyarsa, ko mai amsa masa sallama babu.

"Ki zaɓa mata kawai," ya ce.

Kishi ba ya jiran a ba shi izini. Fadila ta tsallake ruwan hoda da shuɗi, ta haɗa masa wata kala mai kama da kunun gyaɗa, ba fari ba, ba ruwan ƙasa ba. A ranta ta ce amaryar ta je ta nemo labulen da zai hau.

Bayan sati ya dawo sayen na falo, ya karɓi lambarta wai don tambayar kala. Sai ga saƙo:

"Malama mai fenti, ɗakin ya yi ɗumi. Na gode."

Ta rubuta: "Ka gode wa amarya."

Ta kife wayar, ta wuni ba walwala.

Da ya turo kawunsa neman izinin zance, Alhaji ya murtuke fuska.

"Yaron da ke gyaran gidan aure? Ba ni ba shi ɗiyata. Ya gama da ta hannunshi tukuna."

Nu'uman ya daina zuwa. Fadila ta dinga leƙen titi har dai ta kasa daurewa ta rubuta masa: "Yaushe ne bikin?"

"Babu biki, Fadila, babu kowa. Farin bangon ne ke tuna mani ɗakin asibitin da Inna ta rasu, shi ya sa nike kwana a zaure. Sai da kika zaɓa mani kalar nan na iya komawa ciki."

Ta yi kuka sosai, ta kai wa mahaifinta wayar. Alhaji ya bincika a unguwa, maƙwabta suka shaida masa gaskiya ne, ya sa rana.

Masu jere kuwa sun sha yawon kasuwa kafin su samu labulen da ya hau. Fadila ta yi ta dariya, ta tuna an ce ramin mugunta a gina shi gajere.

Washegarin kai amarya Nu'uman ya dawo daga masallaci, ya yi sallama a ƙofa ƙasa-ƙasa yadda ya saba, ba ya jiran amsa.

Daga cikin ɗakin mai kalar kunun gyaɗa murya ta ce, "Wa alaikumus salam, angona."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya sake yin sallamar don ya ƙara ji. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.