Igiyar Baya

Akwai wani ciwo da ke kama samari, kuma ya fi zazzaɓi ɓarna: mutum ya kasa buɗe baki ya ce “ban sani ba”. Shi ne ya kama Mutaru. Ku 'yan mata ku buɗe kunne, zan faɗa muku abin da ya ci masa.

“Ka gaya masa yau, Mutaru! Yau ɗin nan!”

Hawawu ce ke magana, ludayi a hannunta, iska na fizgar mayafinta. Tana tsaye bayan teburin waakye, shinkafa da waken da take sayarwa, a bakin ruwan Port Richmond, ta rage murya don kada mata su ji.

“Haba sarauniyata, saura sati uku fa ɗaurin aure. In an shafa fatiha sai in gaya masa muna dariya.”

“Baaba ba ya dariya a kan ruwa.”

“To ni zan koya masa.”

“Mutaru...”

Ya kashe mata ido, ya gyara farar hular sojan ruwan da ya saya a kantin tsofaffin kaya, ya wuce.

Bari in koma baya kaɗan. A bakin ruwan nan akwai wani tsohon jirgin yaƙi da sojan ruwa suka daina aiki da shi. Mu Kaka muke ce mata. Shekarar da aka rufe masallacinmu don gyara, tsofaffin sojojin da ke kula da ita suka buɗe mana bisanta muka yi sallar Idi, ba su karɓi ko sisi ba. Da labari ya zo cewa za a yanka ta a sayar da ƙarfen in ba a gyara cikinta ba, mutanenmu na zango, 'yan Ghana mazauna nan, suka ce ba da mu ba. Mata suka ɗora tukwane duk Asabar. Masu tasi suka riƙa kawo kuɗin yini guda. Samari suka kama kankare tsatsa.

Shugaban wannan hidima shi ne Baba Tsoho, mahaifin Hawawu, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a sojan ruwan Ghana. Mutum ne mai tauri. Manema biyu ya kora kafin Mutaru, kuma da ya ji na uku direban tasi ne cewa ya yi kada ma ya hau benen gidansa.

Amma Mutaru ya hau. Ya ga hoton tsohon a bango cikin farin kaki, a tashar jiragen ruwa ta Sekondi, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

“Allah sarki! Baba, ai ni ma na yi shekara huɗu a ruwa.”

Yaron Kumasi ne fa. Katin waya ya sayar har ya samu biza. Ruwan da ya sani bai wuce na famfo ba.

Tsohon ya miƙe ya rungume shi. Ba shi da ɗa namiji, kuma ya daɗe yana neman wanda zai yi hirar teku da shi. In ya yi tambaya mai wuya sai Mutaru ya ce, “Baba, zamaninmu duk na'ura ce, ba kamar naku na jarumai ba.” Tsoho ya ji daɗi, magana ta wuce. Aka karɓi goro.

Hawawu ta san gaskiya tun watan farko. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina ɗaga waya kwana biyu. Sannan ta ɗaga. So ne, kuma ban ce ba ta da nata laifin ba.

To, ranar da nake ba ku labari, ƙarshen Oktoba ne na 2012, rediyo tun safe ke cewa babbar guguwa na tafe, ruwa zai hau fiye da yadda aka saba. Kuɗin gyaran Kaka ya kusa cika, saura a ja ta zuwa wurin maƙera a wata mai kamawa. Baba Tsoho ya tara maza yana rabon aiki.

“Ni da tsofaffin nan za mu ɗaure igiyoyin gaba. Souley, kai da mutanenka ku kwashe kaya daga bisa.”

Souley ɗan Nijar ne, mai sayar da agogo da tabarau a Harlem. Jirgin fito da bas yake bi ya zo duk Asabar. Bai taɓa ganin teku ba sai da ya zo ƙasar nan, kuma bai ɓoye ba. Kullum bakinsa, “Baba, ban iya ba, nuna mini.” Har samari suka sa masa suna Ban-Iya-Ba. Kowa ya san don wa yake sayen waakye kwano biyu, amma bai taɓa furtawa ba.

“Igiyar baya kuma,” in ji Baba Tsoho, ya dafa kafaɗar Mutaru, “ta surukina ce. Ka yi mata ɗaurin hawan ruwa. Ba sai na koya wa sojan ruwa ba.”

Ludayin ya faɗi daga hannun Hawawu.

Ta tare Mutaru a gindin matakala.

“Ka san abin da yake nufi?”

“Igiya ce fa, zuciyata. Na ɗaure katifa a kan tasi ya fi sau ɗari.”

“Ba katifa ba ce! Don girman Allah ka tambaye shi. Ko ka tambayi Souley, an koya masa.”

Fuskarsa ta canja.

“Ni? In tambayi Ban-Iya-Ba?”

“To ni zan gaya wa Baaba.”

“Ki gaya masa, ki fasa aurenmu da bakinki.” Sai kuma ya sassauta, ya yi murmushin nan nasa. “Shi ke nan, na ji. Wallahi zan tambaya. Je ki kwashe tukwanenki.”

Ta tafi tana waiwaye. Ta kai tukwanen mota, ta dawo rabin hanya, ta ga mahaifinta yana nuna Mutaru ga wani tsohon soja yana alfahari. Sai ta juya ta koma.

Souley ya wuce ta bayan jirgin da akwati a kai, ya tsaya.

“Yallaɓai soja, igiyar nan ba ta yi tsauri ba? Baba ya ce in ruwa zai hau ana bar mata sarari, a naɗa tsumma inda take gogar ƙarfe.”

“Kai ka yi aikin ruwa ko ni?”

“Kai ne. Yi haƙuri.”

Mutaru ya ƙara jan igiyar har ta miƙe kamar sanda, ya tsaya yana kallonta yana jin daɗi.

Guguwa ta zo ta wuce. Kwana biyu Hawawu ba ta iya zama wuri ɗaya ba, daga taga sai ƙofa. Da hanya ta buɗe da safe, duk muka nufi bakin ruwa.

Igiyoyin gaba suna nan lafiya. Ta baya ta tsinke. Ruwa ya ɗaga Kaka, igiyar ba ta da inda za ta bi, ta katse, gindin jirgin ya yi ta dukan siminti har ya huje. Ta karkata gefe guda kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Mata suka fara salati.

Baba Tsoho ya tsuguna ya ɗauki guntun igiyar. Ya daɗe yana juya shi.

“Wannan ba ɗaurin ɗan ruwa ba ne.”

“Baba, guguwar ce ta...”

“A wane jirgi ka yi aiki, Mutaru?”

Mutaru ya kau da kai.

“Na ce wane jirgi?”

Ko a nan, da ya ce ban sani ba, na yi ƙarya, wataƙila da an samu abin kamawa. Sai ya nuna Souley.

“Shi ya taɓa ta bayan na tafi! Kowa ya san yana son Hawawu!”

Kafin Souley ya amsa, sai murya ta tashi daga bayan mutane.

“Ƙarya ne!”

Hawawu ta ratso mutane ta durƙusa gaban mahaifinta a kan jiƙaƙƙen siminti.

“Baaba, bai taɓa hawa jirgi ba. Na sani tun tuni, na ɓoye maka. Na ga ka ba shi igiyar, na yi shiru... Ni ma na huda Kaka, Baaba.”

“Hawawu! Masoyiyata, me kike...”

“Kada ka ƙara kirana haka.”

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya cire farar hular daga kan Mutaru, ya ba tsohon sojan da ke kusa. Sannan ya juya ga jama'a.

“Ni na tsaya masa. Ku yafe mini.”

Ban taɓa ganin Baba Tsoho ya sunkuyar da kai ba sai ranar.

Abin da aka tara ya tafi wajen toshe ramin. Aka koma farko. Shekara ɗaya da rabi Hawawu ba ta fasa Asabar ko ɗaya ba, da sanyi da zafi, in ta sauke tukunya ta ɗauki guduma ta hau kankare tsatsa. Wata biyar mahaifinta bai ci abincin hannunta ba. Ranar da ya ci, ta shiga ɗaki ta yi kuka har ta gaji.

Da aka dawo da Kaka daga wurin maƙera, Souley ne ya riƙe igiyar baya. Ya gama, ya ɗago.

“Baba, duba mini. Ban tabbata ba.”

Hawawu ta yi dariya, karo na farko da muka ji tun guguwar.

“Ban-Iya-Ba, kwano nawa yau?”

“In an yarda... in daina saye, a riƙa zuba mini a gida.”

A bisa Kaka aka ɗaura musu aure, bayan ƙaramar salla.

Shi kuwa Mutaru, ga abin da ya rasa. Ya rasa Hawawu, saura sati uku. An mayar masa da goronsa a leda. Ya rasa tsohon da ya kira shi ɗa a gaban jama'a. Ya rasa sahunsa a masallacin Port Richmond, don kunya ta kai shi Bronx. Ya rasa sunan da uwarsa ta sa masa, domin har yau in ya tsaya da tasi, sai ka ji wani ya ɗaga murya ya ce, “Soja, yaya ruwa?”