Rubutun Bahago

Jakar waken da na sayo a kasuwar Ouando ta suɓuce daga hannuna, waken ya watse a ƙasa.

Sagbo ne a kan tsani da burushi a hannu. A jikin bangon gidanmu, gidan da kakan kakana ya gina bayan dawowarsa Porto-Novo daga Brazil, ga jan fenti ɗanye shar: À VENDRE. Na sayarwa ne.

"Sagbo!"

Ya waiwayo, har da murmushi.

"Lali, kin dawo da wuri. Tsaya ki ga..."

"Na gani! Ce maka aka yi makauniya ce ni?"

Rabona da barcin kirki tun ranar da Fofo Firmin, ɗan baffana, ya zo daga Kwatano da hotunan tallar sayar da gidan a wayarsa: bene mai tagogin katako masu sassaƙa, falo mai tsohon tayil, da ɗaki a baya mai ƙofarsa daban, wai "ya dace da mai zane". Ɗakin nan Sagbo ke haya. A nan yake zanensa, a nan kuma na saki baki na faɗa sonsa. Tanti Clarisse, gwaggon da ta raine ni, ita ce babbar danginmu na Monteiro, amma kan sayar da gidan ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. Magana ɗaya ce ba ta gajiya da ita: 'yar Monteiro ba ta auren ɗan haya.

Ranar Lahadi Fofo ya ja ni gefe.

"Wanda kike mutuwa a kansa, shi ne dillalinmu. An yi masa alkawarin ɗakin baya kyauta."

Na ce ƙarya yake. Yau ga shi ido ya gane mini.

"Ashe da ɗaki ɗaya za a saye ka?" Na nuna shi da yatsa. "Ni da nake faɗa da Tanti a kanka kullum!"

"Zuciyata, ki bari in ƙarasa..."

"Kada ka ƙara kirana zuciyarka!"

Na cire awarwaron duwatsun da ya ɗaura mini da hannunsa, na wurga masa. Ya bugi tsanin, ya faɗa cikin wake. Sagbo ya dai tsoma burushi a gwangwani. Wannan ko-in-kula ya fi komai ƙona mini rai.

Sai ga farar mota ta tsaya. Fofo ya fito, ya buɗe wa wata mata mai ƙaton gilashi ƙofa. Ita ce mai son mayar da gidanmu otal. Da Fofo ya ga bangon sai ya washe baki.

"Ka ga ɗan halak! Madam, kin gani ko? Har masu haya sun amince."

Na dafa ƙyaure. Tsoro ya cika ni, na gidan da na kaina. Ina Tanti za ta, da ƙafar da ko matakalar bene da ƙyar take sauka? Ni kuma wa ya rage mini?

Sagbo ya sauko, ya ja tsanin zuwa hagu, ya koma ya hau.

PAS.

Ya sake jan sa hagu.

N'EST.

Wayyo ni Lali! Bahago ne. Daga ƙarshen layi yake fara rubutu ya dawo farko, don kada hannunsa ya goge ɗanyen fenti. Sau nawa na zauna a ɗakin nan ina tsokanarsa da mai rubutun kaguwa? Fushi ya rufe mini ido na manta.

Kafin Fofo ya gama ƙirga wa Madam tagogi, layin ya cika: CETTE MAISON N'EST PAS À VENDRE. Wannan gida ba na sayarwa ba ne.

Madam ta zare gilashinta. Ko yaron goye a garin nan ya san abin da rubutun nan yake nufi: magada ba su haɗa baki ba, wanda ya saya ya saya wa jikokinsa shari'a.

"Firmin, ni otal nake nema, ba kotu ba." Ta shige mota abinta.

Fofo ya riƙe tsanin ya jijjiga.

"Sauko, matsiyaci! Ɗan gida kaɗai ke da ikon sa wannan rubutu. Kai wane ne a nan? Yau a hannun 'yan sanda za ka kwana!"

Gaskiya ya faɗa. Na ruga na rungume ƙafar tsanin.

Tagar bene ta yi ƙara. Tanti ce, da carbinta na coci a hannu.

"Firmin, rage murya, nan ba tashar mota ba ce."

"Tanti, ke kika sa shi?"

"Ba wanda ya sa shi. Na zuba ido in ga wane Monteiro ne zai hau tsani saboda gidan nan. Kai ka kawo mai saye, Lali kuma sai kuka."

Na sunkuyar da kai.

"Amma ɗan haya ne fa, Tanti!"

"Da safe ke nan. Yanzu surukina ne." Ta leƙo sosai. "Kai mai fenti, ka turo manyanka. Kuma M ɗin can ya karkace."

Ta ja tagarta.

Sagbo ya sauko, ya tsuguna yana laluben awarwaron cikin wake. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ka yafe mini... don Allah."

"Yanzu an yarda in ce zuciyata?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Ya ɗago awarwaron. "To wane hannu?"

Na miƙa masa na hagu.