Mai Numfashi ta Bututun Iska

Dogo mai gyara ya gaji da matacin iskar ɗakin masu tarin fuka na wata likita, wato asibiti, a Madarunfa. Duk sanda ya sa sabo, kafin gari ya waye ya yi baƙi ƙirin, yana warin laka. Inde, shugabar ɗakin, ta ce in tarin majinyata ya ƙara tsananta, wani gwanin za ta kira daga Maradi.

Bayan magariba ya zagaya bayan ginin yana tsaki. Yana kwance murfin bututun iskar ɗakin sai wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak.

"Kai ne mai toshe mani hanci?"

Wata tsohuwa ce tsugune jikin bango, zanenta jiƙe sharkaf.

"Inna, don Allah ki matsa, aiki nike. Wanga abu masu ciwo yake karewa."

"Ni kuma ta ina zan shaƙi iska?"

Zai ba ta amsa sai ya lura bakinta bai motsa ba. Daga cikin bututun muryar ta fito. Tsohuwar ta ja dogon numfashi, matacin ya lotsa ciki a hankali, iska mai sanyi ta fara jan rigar Dogo.